Kalmar da ta Karya Hannun Inna

Zuwa ga Inna,

Bayan gaisuwar ɗa ga mahaifiyarsa, ina fatan kina kwance cikin rahamar Ubangiji.

Jiya jami'a ta yi taron karrama mata, kuma Yaya Hajara aka fara kira. Farfesa ake ce mata yanzu. Sai da maza bakwai suka gama jawabi a kan daidaito kafin a miƙa wa mace lasifika, amma dai an miƙa.

Ina zaune sai na tuna ranar da takardar ɗaukarta a jami'a ta iso garinmu Fakku, a shekarun da kuɗin mai ya sa gwamnatin Sakkwato ke farautar ɗalibai gida-gida. Baba ya ce in karanta, tunda ni ne namiji, kuma ina sakandare a Tambuwal, ga ƙamus a aljihu. An rubuta za ta yi digirin "bacala". Na duba ƙamus, na ɗaga murya don maƙwabta su shaida ilimina, na ce karatun tuzurai ne, mai yin sa ba ya aure.

Baba ya wanke Yaya da mari, ta faɗa kan turmi, leɓenta ya fashe. Ya nufi murhu da takardar. Kika sha gabansa kika fizge, ya ɗauki ƙotar fartanya. Na ji ƙashin hannunki ya yi ƙara kamar an taka busasshen kara. Duka na biyu ya same ki a goshi, jini ya rufe miki ido, ya ɗiga kan takardar. Kaji suka watse, ni ma na bi su.

Ba ki saki ba. Daga bayan rumbu na ji kin ce, "Malam, karya ɗayan ma. Hajara tahiya takai." 'Yar fari ce, ba mu taɓa jin sunanta a bakinki ba sai ranar. Baba ya yar da ƙotar.

Maɗorin Kebbe ya ɗora hannun a karkace, kuma da shi kika tura akwatinta cikin lori. Daga baya hedimastan garinmu ya ce "bacala" sunan digirin farko ne kawai. Baba ya ce "ashe". Ni ko ashen ban ce ba.

Jiya, gaban mijinta da jikokinta, Yaya ta fito da takardar. Na kusa da ni ya ɗauka tabon shayi ne. Ta ɗaga ta ce uwarta ba ta iya rubutu ba, amma ga sa hannunta.

Inna, ban taɓa neman gafararki ba, kunya ta hana. Yau ina nema.

Allah ya gafarta wa Baba. Allah ya haskaka kabarinki, ya tashe ki da hannun nan a miƙe.

Ɗanki mai ƙamus,
Sanusi