Waken da Ya Ƙi Bushewa

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya aikin shagon iri? Mu nan sai godiya. Babanku da sauƙi, hannun daman ne har yanzu shiru, maganar ma sai a hankali.

Albishirinki! Waken soyar da kuka ce ba zan iya nomawa ba, zo ki sha kallo. Na maƙwabta duk ganye ya yi rawaya ya zube, namu kuwa kore shar. Kullum da safe nakan jawo wa Babanku kujera bakin taga, ina aiki yana kallon gonar yana murmushi. Tun da ciwon nan ya raba shi da fartanya ban ga abin da ya faranta masa rai haka ba. Damuwata ɗaya, wani koren ƙwaro mai faɗin baya, in kin taɓa shi hannunki ya wuni yana wari.

Ki riƙa cin abinci, na san halinki.

Ummanki


Umma,

Ina gaishe ki da girmamawa, a gaishe mini da Baba.

Na karanta wasiƙarki. Don Allah ki tsinko kwanson waken daga tsakiyar gona ki ɓare. Ƙwaron nan mai wari huda kwanso yake yi ya tsotse ƙwayar tun tana ɗanya. Waken da ba shi da 'ya'yan da zai cika kuwa ba ya nuna, haka zai tsaya da ganyensa har rani. Manoma da yawa sun kawo mana wannan kukan a shago bana, kuma lokacin feshi ya wuce.

Umma, ba laifinki ba ne. Amma kada ki gaya wa Baba tukuna, ina tsoron jininsa ya hau.

'Yarki, Auta


Auta,

Gaisuwa. Na ɓare. Wani ba komai a ciki, wani ƙwayar ta motse ta yi baƙi. Nan cikin kunyoyin gonar na zauna na yi kukana, na share fuska na shigo gida ina dariya. Kin ga uwarki da cika baki, ashe ganye na noma.

Na bi shawararki. Kafin in ba shi abinci sai na wanke hannu da sabulu har fata ta yi fari, don kada ya ji warin. Jiya ma ya ce mini, "Gona ta yi kyau." Na ce masa sosai. Wallahi Auta, ƙaryar nan ta fi asarar yi mini ciwo.

Allah Ya yi miki albarka.

Ummanki


Umma,

Ina gaisuwa. Ki ƙara haƙuri, ƙarshen wata ina tafe. In na zo mu faɗa masa tare, ni zan fara magana.

Auta


Auta,

Gaisuwa. Ki huta da shirya magana, an riga mu.

Yau na manta da sabulun. Ina gyara masa matashi ya kama hannuna da hagunsa, ya kai hanci, ya ce, "Mutumin nan ne, ƙwaro mai wari. Tun ranar da na maƙwabta ya zubar da ganye namu ya ƙi, na sani."

Na ce, "To don me kake ta yabon gona, kana barina ina zuba?"

Ya daɗe yana haɗa maganar, kin san yadda bakin ya zama. Can ya ce, "Ni ba waken nake kallo ba. Gobe ma a jawo mini kujerar."

Ki taho mana da iri mai kyau. Ya ce baɗi daga bakin taga zai koya mini, wai kunyoyin da na yi ma a karkace suke.

Ummanki