Asta biyu, jaririya ɗaya

Assalamu alaikum 'yan gidan nan. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, wallahi kaina ya kulle.

Ni Bakanuwa ce, mijina ɗan Yola, yana karatu a nan Kuala Lumpur, muna zaune a Danau Kota. Lokacin dokar kulle korona ta kama shi aka killace shi, ni kuma ga cikin fari wata tara. Da naƙuda ta taso ba kowa sai maƙwabciyata, wata tsohuwa 'yar Norway, sunanta Astrid amma Asta ake ce mata. Ita ta kai ni asibiti, ta sha tambayoyin 'yan sanda a hanya, bayan an sallame ni kullum sai ta ajiye min abinci a bakin ƙofa, har ruwan wankan jego na koya mata dafawa. Na roƙi mijina ya sa wa yarinyar Asta, ya yarda, haka aka rubuta a takardar haihuwa.

Ranar suna muka kira gida ta bidiyo, surukata Dada tana jin sunan sai ta fashe da kuka, wai an yi mata takwara. Ashe a wajensu Asta ake ce wa A'isha, da shi ta tashi tun tana yarinya. Ni ina zan sani, tun da na shigo gidansu, Dada kawai nake ji ana kiranta? Mijina, da a lokacin an sallamo shi, ya ƙyafta min ido na yi shiru. Yanzu dangi duk Ummi suke kiran 'yata don kara, ni ma ban isa in faɗi sunan a gabansu ba.

Ana nan sai ɗan banzan surutuna ya sa na tambayi Astrid ma'anar sunan a gaban mijina. Baiwar Allah da murnarta ta ce sunan kakarta ne, kalmomi biyu ne na mutanen da, ɗaya kyakkyawa, ɗaya kuma allolin da kakanninsu suke bauta wa kafin Kiristanci. Shi ke nan ya samu abin da yake nema. Ya ce 'yarsa ba za ta ɗauki sunan gumaka ba, za a mayar da takarda A'isha, kuma kar in gaya wa kowa. Na ce ai Asta muka sa ba Astrid ba, kuma ranar da nake murƙususu ina Yola take? Kwana uku ba ya cin abincina, sai dai ya yi tapau, wato ya sayo na leda a shagon abincin da ake ce wa mamak.

Abin yana ci min rai. Dada kullum sai ta kira a nuna mata takwararta. Astrid kuma za ta koma ƙasarsu ranar Juma'a, ta saƙa wa yarinyar hula da sunan a jiki, ta roƙe ni hoton takardar haihuwar ta nuna wa jikokinta.

Malamai, sunan haramun ne da gaske? Iyaye mata kuma ku gaya min, cikin tsofaffin nan biyu wacce zan kalli idonta in yi wa ƙarya?