Fiffiken Hagu na Akun Mma

Sagnarigu, ran Talata.

Zuwa ga ƙanena Mutari, gidan Baturen daji, Tamale.

Bayan gaisuwa, ina gajiya, ya aiki? Ƙwaryar da Sala mai man kaɗe za ta ba ka, kada ka buɗe ta gaban mutane. Akun Mma ne a ciki. Da safe na tsince shi ƙarƙashin sandarsa, ya sandare.

Ka san shi kaɗai ya rage mana daga fataucin goron Baba a Kumasi, kuma shi ya riƙe muryarsa. Kullum safiya sai ya ce, "Abiba, kawo ruwa," har da tarin nan na Baba, Mma kuma ta amsa. To, zazzaɓi ya kwantar da ita tun farkon damina, ido ya yi hazo, koko ma ba ta buɗe masa baki sai na ce aku ya ci gyaɗarsa. In ta ji ya mutu, ina tsoron ta juya fuska bango ta bi shi. Na ce mata gashi yake zubarwa, na kai shi wurin Saaka mai magani.

Ban manta abin da ta kore ka a kai ba. Ta ce mai tsayar da gawa ya hana ta ƙasa ba zai ci tuwon tukunyarta ba. Yau aikin nan nake roƙo. Ka tsayar mini da shi kamar mai rai, yadda kake yi wa Bature da tsuntsayensa, in ɗora a kusurwa inda take hango jar wutsiyarsa. Shirunsa kuwa, ni na san ƙaryar da zan yi.

Na gaji, Mutari. Ka huta lafiya.

Yayarka, Rakiyatu.

*

Tamale, ran Lahadi.

Yaya Rakiyatu,

Gaisuwa mai yawa da ladabi. Allah ya ba Mma sauƙi, ko da ba za ki faɗa mata daga bakin wa ya fito ba.

Na karɓi saƙo. Tsuntsayen da suka bi ta hannuna ban san iyakarsu ba, shamuwa, gauraka, hankaka, duk Bature ya cusa a akwati ya aika garinsu. Wannan kuwa daban ne. Ina feɗe shi ina jin Baba yana neman ruwa.

Na cire fatar, na shafa mata maganin ƙwari, na naɗa masa sabon jiki da busasshiyar ciyawa da zare. Fiffike shi ne wahalar. Waya ake bi da ita gefen ƙashi, a soke ta cikin jikin ciyawar har ta ɓullo ɗaya ɓangaren, a lanƙwasa bakinta a mayar ciki. Na dama bai ba ni wuya ba. Na hagu kuwa na tarar da wani ƙulli a ƙashin, ya karkace, waya ta ƙi kwanciya. Ina jin a cikin ƙwarya ya matsu. Na karya wurin na miƙe shi, yanzu duka biyun sun kwanta daidai, ko Bature ba zai sami abin cewa ba.

Na ɗaure shi da zare har ya bushe. Sala za ta kawo shi ran kasuwa mai zuwa. Kada a bar shi kusa da murhu.

Ƙanenki, Mutari.

*

Sagnarigu, ran Asabar.

Mutari,

Ina gaisuwa. Aku ya iso, na buɗe tsumma, idona ya faɗa kan fiffiken hagu.

Ba ƙwarya ce ta matse shi ba. Kyanwar maƙwabta ce ta cafke shi shekarar da ka tafi. Mma da kanta ta ɗora ƙashin da karan dawa, tana ba shi abinci a baki har ya warke. Tun daga nan fiffiken hagu a sake yake, yana rataye kamar hannun riga, kuma ta nan take zura yatsa tana sosa shi. Ko jikokinta sun san wannan. Ka mayar da shi yadda yake, don Allah. Kullum tana tambaya yaushe Saaka zai dawo da shi.

Sai na ji daga gare ka.

Rakiyatu.

*

Tamale, ran Litinin.

Yaya,

Na gaishe ki. Ba zai yiwu ba. Fata in ta bushe a kan waya, an gama. In na taɓa, yagewa za ta yi kamar tsohuwar takarda.

Kin ce ko jikoki sun sani. Ni wa ya gaya mini? Daga nan zuwa Sagnarigu mai tallan itace ma tana zuwa ta dawo kafin azahar, amma kyanwa ta shiga gidanmu, Baba ya kwanta ciwo, an haifi ’ya’yanki, duk a bakin kasuwa nake tsintar labari, wani ma ban tsinta ba. Ba faɗa nake ba, ba ni da ƙarfinsa. Ki juya hagunsa wajen bango, kada ki bari ta taɓa.

Allah ya rufa asiri.

Mutari.

*

Sagnarigu, ran Laraba.

Ƙanena,

Bayan gaisuwa. Na yi yadda ka ce, hagu wajen bango. Ba a daɗe ba ta ce in miƙo mata shi. Na ce barci yake. Ta ce, "Rakiya, ni na haife ki fa."

Na ɗora mata a cinya. Ta shafa kai, ta shafa baya, ta kai yatsa hagu ta nemi wurin shiga, babu. Ta daɗe tana bin gefen fiffiken.

Sai ta ce, "Tun safiyar Talatar nan na sani. Ba wanda ya nemi ruwa. Na bar ki ne ki yi ta kai da kawo, na ga abin yana riƙe ki."

Ta sake shafawa ta ce, "Wannan hannun Mutari ne. Haka ubansa yake, ba ya iya ganin abu a karkace ya wuce. Yaron nan bai ma san fiffiken ya taɓa karyewa ba." Daga nan ta yi kuka, irin wanda ban gani ba ko ran rasuwar Baba. Da ta gama ta ce in kawo koko, ta sha rabin kwano.

Ba ta sauka daga maganarta ba, ka san ta. Ta ce tsuntsu ƙasa za shi, gindin kaɗanyar bayan gida, amma ba da ƙarfe a jikinsa ba. Na ce bari in zare. Ta ture hannuna ta ce wanda ya sa wayar shi zai zo ya cire abarsa.

Na isar. Ka huta lafiya.

Yayarka, Rakiyatu.

*

Tamale, ran Alhamis.

Yaya Rakiyatu,

Na gaishe ki, ki gaida Mma, ki ce ni ne.

Zan taho gobe bayan sallar Juma’a. Tsakanina da ke, zare waya ba ya kai tafasar ruwan koko. Amma ki gaya mata aiki ne mai cin lokaci, sai a hankali, ba na yini ɗaya ba. Zan zo da tabarmata.

Ƙanenki, Mutari.