Ki Farka Ki Kushe Burodina

Zuwa ga Hukuma, gwamnatin gidana da ba a taɓa yi wa juyin mulki ba! Inuwar da nake gudu in fake idan rana ta buɗe, ruwan randa bayan an sauko daga kan tsani, tauraruwar asuba mai fitowa da faɗa a bakinta! Zumata mai harbi, kurciyata mai bakin shaho, damina mai zuwa da tsawa ta bar gona shar!

Karɓi gaisuwar mijin da aka bari a kan benci. Ina rubuta miki wannan takarda a bakin ɗakin tiyata, a kan gwiwata, da biron da na aro wajen wata nas. Ɗazu suka tura ki ciki a kan gado mai taya, kina kwance kina ba mai turawa umarni ya bi a hankali kada ya goge fentin ƙofa. Ƙofa ta rufe, jar fitila ta kama, aka bar ni da Yayarki da kwandon burodi. Ke kin san tsakanina da Yaya sai gaisuwa. Tana can ƙarshen benci tana jan carbi tana harara ta, kai ka ce ni na dasa miki ƙarin da za a cire. Shi ne na ce bari in yi hira da ke, tunda yau ce kaɗai ranar da zan yi magana a aurenmu ba ki katse ni ba. Ana cewa ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. To ga naki ana hudawa, in kin farka sai ki yi mini bayani.

Wayyo Hukuma! Wa ya ce miki ana yi wa magini mai filasta irin wannan wayo? Kin tuna ranar da muka dawo daga ganin likita, ya ce ƙarin nan sai an yanka, kika ce masa za ki yi shawara? Ko takalmi ban gama cirewa ba kika kira ni kicin, ɗakin da kika hana ni shiga tun ina da gashi a ka. Kika ɗaura mini zani a ƙugu, kika ce yau zan koyi yin burodinki. Burodin nan naki ƙanana, masu laushi a ciki kamar kumatun jariri, masu ɓawo a sama da ya tsattsage kamar fatar raƙumin dawa. Burodin da in aka tsaga shi aka cusa ƙwai da tumatir, yaran aiki kan bar nasu abincin su zo su tsaya a kaina suna tambayar lafiyar iyali. Na ɗauka soyayya ce ta motsa miki da tsufa. Har wani baza kafaɗa nake yi. Ashe banza ba ta kai zomo kasuwa!

Me ban sha ba a kicin ɗin nan? Na zuba fulawa da ƙiyasi yadda nake zuba siminti, kika buge mini hannu da ludayi. Na jiƙa yis da ruwan zafi, kika ce na yi kisan kai, ruwan ɗumi ake so irin na wankan jariri. Na murza kwaɓi har kafaɗata ta amsa, kika danna shi da yatsa ɗaya kika ce da sauran aiki. Muka rufe shi ya tashi, muka yanka, muka mulmula, muka jera a tire, muka sake jira. Ni da na saba siminti ba ya jiran kowa, ga ni zaune ina gadin fulawa tana barci.

Sai da aka zo kan shafen saman na ce yauwa, an shigo unguwarmu. Garin shinkafa, ɗan sukari, gishiri, mai, yis, ruwan ɗumi, a dama ya yi kauri, a bar shi ya yi ƙwayaye. Wannan ai filasta ce da aka sa wa sukari! Na je na ɗauko ƙaramin cokalin aikina, na wanke shi tas, na shafe burodin nan sumul, siriri, babu tudu babu kwari, aikin da in a bango ne sai mai gida ya kira maƙwabta su gani. Kika dube shi, kika dube ni, kika ce na ɓata. Wai a lafta shi da kauri, kada a goge, don so ake ya tsage! Hukuma, kin san abin da kika nema a wurina? Ni da na ƙare ƙuruciyata ina yaƙi da tsagewa, ni da in na ga tsaga a bangon wani sai in kau da kai don kunya, a ce in zauna in yi addu'a aikina ya dare? Kika ce garin shinkafa ba ya miƙewa, in burodi ya kumbura a ƙarƙashinsa sai dai ya fashe, taurin kai gare shi irin na dangina. Na so in ce irin na dangin wasu dai, sai na tuna ludayin yana hannunki.

Amma fa ba zan manta da yammacin nan ba, ko da zan manta da sunana. Muka zauna a ƙasan kicin, bayanmu jingine da kabad, muna kallon gilashin obin kamar masu kallon talabijin. Farin shafen ya fara ja, ya yi ruwan zuma, sannan ya buɗe a hankali kamar tafkin da rani ya shanye. Ƙamshi ya cika gidan har ya fita ta taga. Kika ɗora kanki a kafaɗata, sai na ji ba shi da nauyin da na sani. Da muka fito da tiren, kika sa yatsa a leɓe, muka kasa kunne, burodin yana 'yar ƙara yana hucewa, kamar tsofaffi suna gulma. Kika yi dariya har kika riƙe gefen cikinki. Na ga hannun, na yi kamar ban gani ba. Ya Hukuma, akwai wata mace a duniya da ciwo ke cin ta tana sauraron hirar burodi?

Yaya ce ta fasa ƙwan. Ta tare ni a kan matakala ranar da ta zo duba ki, ko amsa gaisuwata ba ta yi ba. Ta ce, "Kai dai har yanzu kanka bulo ne. Ba ka ga sallama take yi da kai ba?" Ta ce kin gaya mata ba za ki yarda a yanka ki ba, don a irin ɗakin nan mahaifiyarku ta shiga ba ta fito ba. Wai gara ki ƙarasa a kan gadonki. Wai kina koya mini ne don kada yunwa ta kashe ni a bayanki. Na zauna a kan matakalar nan. Ashe gado kike raba mini, ni ina murna ana so na!

To ni ma ai ba a banza na kwana gida ɗaya da ke ba, na ɗan tsinci makirci. Na ce in dai sai na iya za ki tafi, to ba zan iya ba har abada. Na zabga gishiri kamar ba gobe. Na bar wani tiren ya ƙone har maƙwabta suka leƙo. Na gasa wasu da suka fi bulo tauri, maƙwabcinmu mai gyaran rediyo ya karɓi ɗaya ya tokare ƙafar teburinsa, har yau yana yaba ingancinsa. Ke kuwa kina kan kujera kina kallona da idon nan naki mai hango abin da ke cikin aljihu. Kika ce ko in iya ko kada in iya, cikina ne, ke dai kin sauke nauyi. Wa ya taɓa cin Hukuma da yajin aiki?

Sai wata safiya da kika kasa tashi. Na leƙa na gan ki a dunƙule, kin zama 'yar mitsitsiya a gadon da kika saba cikawa da umarni. Na rasa inda zan sa kaina, na shiga kicin. Ban yi niyyar komai ba, hannuwana ne suka yi ta aiki. Babu mai buge ni da ludayi, kuma ban yi kuskure ko ɗaya ba. Suka fito jajur, a tsattsage, kamar damisa ta kwanta a tire. Na tsaga ɗaya, na sa ƙwai da tumatir, na kai miki har gado. Kika gatsa, ya ce ƙaras, ɓurɓushi ya watsu a kan bargo. Kika daɗe kina taunawa, sannan kika ce, "To, ka iya. Na huta."

Ban san lokacin da na durƙusa ba. Ni, ƙaton da ya taɓa faɗowa daga bene ya tashi ya karkaɗe wando, ga ni ina kuka da majina a kan bargonki. Na ce na iya, sai me? In gasa in kai wa wa? In zauna ni da tire muna kallon juna? Na ce ni tunda na aure ki ban taɓa cin abin da ba a kushe ba, ban taɓa sa rigar da ba a ce ta yi mini yawa ba, ban taɓa fita ba a kira ni an ce na manta wani abu ba. Yunwa kike jiye mini? Wa ya gaya miki yunwa ce ke kashe irinmu? Na ce mahaifiyarku Allah Ya ji ƙanta, amma ke ba ita ba ce, kuma ko mutuwa in ta ji bakinki sai ta nemi uzuri ta koma. Kika miƙo hannu kika cire ɓurɓushi daga gemuna. Sannan kika juya burodin kika duba ƙasansa, kika ce bai gasu sosai ba, fari ne fat, ashe ban iya ba tukuna, in je in kira likita. Wallahi ba a taɓa zagin aikina na ji daɗi irin na ranar ba!

Shi ya sa nake nan, ya sanyin idona, ya barkonon rayuwata. Na san an hana ki cin komai, amma da safe na gasa, don in ban murza fulawa ba kaina zan murza. Ki farka, Hukuma! Ki farka ki ce sun yi gishiri. Ki farka ki ce rubutuna kamar kaza ta bi ta kan siminti. Me rana za ta fito ta haska in ba ki buɗe labule kina mita ba? Wa tsuntsayen taga za su yi gasar surutu da shi? Na yi alkawari, in kin fito zan gyara tsagar bangon ɗakinmu da kike yi mini gori a kai, wai gidan mai filasta. Zan daina ajiye takalmin aiki a kan kafet. Zan ma riƙa gaida Yaya da fara'a, in dai ba kullum ba ne.

Af, ga wani labari. Yanzun nan Yaya ta matso, ta buɗe kwandon ba ta tambaye ni ba, ta ɗauki ɗaya. Ƙarar da ya yi a wannan dogon baranda sai da nas ta leƙo ta ce a yi hankali, nan asibiti ne. Ta cinye rabi, ta ce ba laifi. Daga bakin Yaya fa! Sannan ta miƙo mini ɗaya rabin, na ga carbin hannunta ya jiƙe da gumi. Muka zauna kafaɗa da kafaɗa muna tauna, ba mai kallon wani. Ki yi sauri ki fito kafin mu shirya, abin ya fara ba ni tsoro.

Hukuma, jar fitilar nan ta mutu. Bari in ajiye biro.

Na dawo, ki yi haƙuri da rubutun, hannuna ne bai gama dawowa ba. Likita ya fito yana cire abin rufe baki, ya ce an cire ƙarin duka, kuma komai ya tafi lafiya. Na rungume bawan Allah har na bar masa fulawa a riga. Yaya ta zame ƙasa tana hamdala. Muka yi ta jira, rana ta karkata, sai ga nas ɗin nan mai biro ta zo tana danne dariya. Ta ce kin buɗe ido, muryarki ba ta fita sosai, sai da ta kai kunne bakinki. Wai a tambayi mutumin nan na kan benci ko ya kashe obin kafin ya fito.

Gaskiya, ranki ya daɗe, ban sani ba. Na tuna, na sake tunawa, ban ga hannuna a kan makunnin ba. Amma ko taku ɗaya ba zan yi daga bakin ƙofar nan ba sai an bar ni na ga fuskarki. In gidan ya ga dama ya ƙone. Gini sana'ata ce, sai in tayar miki da wani, ki tsaya a kaina kina cewa ya karkace.

Naki jiya, naki yau, naki har ranar da haƙorana za su ƙare in koma jiƙa ɓawon a shayi, talakanki mai biyayya wanda ba zai taɓa neman canjin gwamnati ba,

Mijinki mai filasta.