Baba, Ni Ma Na Ɗauki Muciya

Zuwa ga mahaifina, marigayi Malam Bitrus,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Na san kana hutawa, amma ka yi haƙuri, yau sai na dame ka.

Surukarka Saratu ta haihu, namiji, amma da tiyata. Likita ya hana ta ko ɗaga bokiti. Tun ranar ni ke cefane a kasuwar Sabon Gari, ni ke tuƙa tuwo, ni ke goya 'yarmu Rahila idan ta fara rigima. Ga shi kuma an sa sunana cikin waɗanda za a zaɓa dattawan ikilisiya ranar Lahadi.

Bayan addu'ar Laraba wani dattijo ya ja ni gefe. Wai maza na gunaguni, wai wanda aka gani da goyo a bakin titin Samaru bai iya riƙe gidansa ba, balle gidan Allah. Shawararsa in riƙa rufe ƙofa har zaɓe ya wuce. Ka ji fa, Baba. Sai ka ce sata nake yi.

Na tuna shekarar da Mama ta karye a hannu. Ka dawo daga gona, ka ɗaura zaninta a kan wandonka, ka zauna gaban murhu. Tuwon duk gudaji, miyar kukar kamar ruwan wanki. Maƙwabta na leƙe ta katanga suna dariya, mu kunya ta kama mu, kai ko a jikinka. Da asuba kai ne dai ka tashe mu addu'a, da muryar nan taka da ba a yi mata musu.

Kakan ce, "Wanda ya wanke ƙafafun almajiransa bai fasa zama Ubangiji ba."

Ina son dattijancin nan, ba zan ɓoye maka ba, kuma zai yi mini ciwo in na rasa. Amma ba zan bar Saratu ta tashi ɗinkinta ya buɗe don a ce ni namiji ne ba. Gidana za a fara tambayata a gaban Allah.

Na ba dattijon amsa cikin ladabi. Mai son ganin yadda nake riƙe gidana ya zo da yamma, zai same ni gaban tukunya, kuma zai ci. Nawa tuwon ma ya fi naka laushi.

Na yi kewarka, Baba. Yaron ya ci sunanka. Allah ya warkar da Saratu, ya ba ni ko rabin zuciyarka, ya sada mu a gaban Almasihu. Amin.

Ɗanka,
Yakubu