Gatarin da Malachy ya tono

Zuwa ga Yaya Nuala,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya Dublin, ya ciwon gwiwa? Ina fata ya lafa.

Maƙwabcinmu Malachy ya tono gatarin tagulla yana gyaran magudanar fadamarsa. Kin san tun rasuwar matarsa bai leƙa waje ba. Yanzu kuwa har aski ya yi, ya naɗe gatarin a tawul yana bi gida-gida. Malamin makaranta ya ce ya haura shekara dubu uku.

Yaya, gatarin nan aikina ne. Ni na zuba shi bara, irin yadda mutanen da suke yi, jan ƙarfe da kuza a mazubin dutse, don in nuna wa 'yan makaranta. Na binne shi a bakin iyakarmu da Malachy don ya yi koriyar tsatsa kamar tsohon abu, na manta wurin. Da Malachy ya miƙo mini na gane shi nan take. Ya ce, "Kai da kake taƙama da ƙira, ka iya irin wannan?" Na ce ban iya ba.

Ƙaninki,
Fintan

Yaya Nuala,

Ina gaisuwa, ya yara? Na ga saƙonki, gaskiyarki, ya kamata Malachy ya san ni na zuba gatarin. Na je don in faɗa masa, ya dafa mini shayi, ya ce da matarsa na raye da ta yi alfahari da shi. Na shanye na taso. Ranar Asabar wata masaniya za ta zo daga gidan tarihi ta duba gatarin.

Fintan

Yaya,

Da fatan kina lafiya. An taru a ɗakin taron coci, har da keki. Matar ta juya gatarin, ta duba da madubin ƙara girma, ta ce a hankali, "Baba, wannan sabon zubi ne. Akwai mai irin wannan sana'a a nan kusa?" Kowa ya waiwayo ni.

Malachy ya ce, "Fintan, ka sani?"

Na ce, "Tun ranar farko."

Bai zage ni ba, da ma ya zage nin. Ya ajiye mini gatarin a cinya, ya ce, "Aikinka ya yi kyau." Ya ɗauki hularsa ya fita.

Tun ranar labulensa a sauke yake. Ina kai masa miya in ajiye a ƙofa, in dawo in tarar da ita ta huce. Don Allah ki buga masa waya, ke yana jin maganarki. Kada ki roƙa mini afuwa. Ki dai tambaye shi ko ya ci abinci.

Ƙaninki,
Fintan