Hular Kaka a Bencin Baya

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da matarka da ɗan yaron nan da har yau a hoto kawai muka san shi. Yaya aiki, yaya ciwon bayan da Mama ta ce kana fama da shi? Mu nan lafiya lau, sai kewa da gajiyar baƙi.

Na san Mama ta gaya maka a waya cewa Kaka ya rasu. Ba ka zo jana'iza ba. Ba faɗa na zo yi maka ba, ko da yake ka san halina, faɗan yana nan a ajiye. Na rubuto ne tunda wayarka ba ta ɗaukuwa idan ni na kira.

Ya tafi da rana tsaka a kujerarsa ta baranda, carbinsa na rosari a hannu, tabarau a goshi, wanda tun safe yake zargina da ɓoye masa. Bai sha wahala ba. Ni ce nake sha, don har yanzu nakan zuba shayi kofi biyu.

Yaya, da ka ga cocin nan! Ɗalibansa sun cika shi maƙil: makanikai, malaman asibiti, direbobi, tsofaffi masu furfura, har da waɗanda ba addininmu ɗaya ba. Ana cikin addu'ar Mas wani ya makara, ƙofar nan ta yi ƙararta da ka sani, amma ko mutum ɗaya bai waiwaya ba. Sai dariya ta kama ni a tsakiyar kuka. Ka tuna dokar ajinsa? Benci ɗaya a baya kusa da ƙofa, da allo da alli a kai, na wanda ya makara. Duk wanda ya juya ya kalle shi, shi zai share aji. Yakan ce wanda ya makara ya gama shan kunyarsa tun a hanya, ba sai an ƙara masa ba. Ga mutum kwance a akwati, ga manyan mutane sun ƙame wuya saboda tsoron tsintsiya.

Za a yi Mas na tunawa da shi Lahadin ƙarshe ta watan gobe. Ka zo. Na san abin da ke hana ka. Tun da ka bar makarantar horar da fada-fada, limaman coci, Kawu ya yi maganar da ya yi, mata suka yi ta raɗa a bakin coci, ka sa wa ranka cewa ka karya zuciyar Kaka. Shekaru sun tafi kana ɗauke da wannan kaya. Ni dai ba na shakka, za ka zo.

Mama tana gaishe ka. Ka gaida mutan gida.

Ƙanwarka,
Auta

*

Yayana,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ina tambayar jikin naka da na yaro. Amsarka ba ta iso ba, amma na yafe, na san alƙalami ya yi tsada a wajenku.

Wata rigima ce ta taso, dole in gaya maka. Kwamitin coci, ƙarƙashin Kawunka sarkin shawara, sun zauna sun ce za su karrama Kaka. Ka san bencin ƙarshe na bakin ƙofa? Nan yake zama duk Lahadi. Wai za su ɗauke shi, su goge, su yi masa fenti, su manna sunansa, su kai shi can gaba kusa da bagade, teburin da Fada ke yin Mas. Kawu har da kawo aya, wai mai ƙasƙantar da kansa za a ɗaukaka shi. Kowa ya tafa. Ni kuwa na miƙe na ce bencin nan ba inda za shi. Kawu ya ce yaushe aka haife ni. Na ce bayan shi ne, amma ni na riƙa yanke wa Kaka farce.

Ba mugunta ba ce, rashin sani ne. Wasu sun ɗauka tawali'u ne ya kai shi baya, wasu sun ce ƙafa ce, wasu sun ce tsufa ne da yawan fita bayan gida. Ba wanda ya tsaya ya tuna yaushe ya koma can. Kai ma ba ka sani ba, don ba ka nan. A da ai a layin gaba yake zama, yana yi wa mawaƙa gyara da ido. Lahadin da ta biyo bayan barinka gari ya ɗauki sandarsa ya koma bakin ƙofa. Ya cire hularsa kamar kowane namiji a coci, amma maimakon ya riƙe ta a cinya, sai ya ajiye ta a gefensa, wurin zaman mutum guda. Ko coci ya cika ana tsaye, ba mai iya ce wa Malam ya ɗauke hularsa.

Da kunnensa ya yi nauyi, na roƙe shi ya bari mu zauna gaba, don daga can baya ba ya jin komai. Ya kira ni amaryarsa mai kunnen ƙashi, ya ce ba don ya ji yake zama can ba. Ya ce yana da ɗalibi ɗaya da ya makara, kuma bai taɓa rufe aji a bar wani a waje ba. Ya ce shi bai taɓa roƙon Allah ya ba shi fada a gida ba, jika ya roƙa, aka ba shi, kuma ba a karɓe ba. Ranar na yanke masa farce har na kusa haɗawa da nama, don ba na gani.

To ka ji. Zuciyarsa ba ta karye ba, jira yake yi, kuma jiransa babu fushi a ciki. Ban faɗa wa kwamiti wannan ba, ba nasu ba ne. Na je ofishin Fada na gaya masa shi kaɗai. Ya daɗe yana goge tabarau, sannan ya ce benci zai zauna inda yake. Kawu ya daina amsa gaisuwata, zai huce.

Ranar Lahadin tunawa da shi zan ajiye hular a wurinta. Ƙofa a buɗe take, kuma na yi maka alkawari ba mai waiwaya.

Ka gaida matarka, ka ce ina roƙonta ta tura ka.

Taka,
Auta

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Ina fata ka isa gida lafiya, kuma bayan bai tashi ba saboda zaman mota.

Ban juya ba. Ina so ka san wannan kafin komai, don wuyana har yau ciwo yake. Ana cikin karatu na farko ƙofar ta yi ƙara. Na ce wa raina wataƙila iska ce. Sai aka ɗauki waƙa, na ji wata murya daga baya tana riga mawaƙa isa ƙarshen baiti, kamar mai bin motar haya da gudu. Duk duniya mutum ɗaya na sani mai waƙa haka.

Mama ta damƙe hannuna, kanta ya fara juyawa, na mintsine ta. Allah ya yafe mini, uwata ce, amma doka doka ce. Abin da ya ba ni mamaki Kawu ne. Shi ma ai ɗalibin Kaka ne. Ya ƙame yana kallon bagade, hawaye na bin gemunsa, bai ko motsa ba. Fada ne kaɗai ke fuskantar jama'a, shi kuwa ya sunkuyar da kai a kan littafi kamar bai taɓa ganin karatun ba.

Da aka tashi na ruga baya. Benci babu kowa, hula babu. Na zauna a wurin na yi kuka mai daɗi, irin wanda ban samu yi ba ranar jana'iza. Ka gudu ba sallama, amma ba komai, farkon zuwa ne. Kaka bai taɓa tambayar wanda ya makara dalili ba, ni ma ba zan fara ba.

Hular ka riƙe, taka ce tun asali. Amma ka sani na bar layin gaba, na koma bakin ƙofa, wurin Kaka. Na auna bencin da idona, zai ɗauke mu da matarka da yaro, har da Mama idan ta matsa. Kafin nan jakata ce a gefena, kuma Lahadin da ta wuce wata ta nemi in ɗauke, na ce mata da mai wurin.

Mama tana gaishe ka. Kawu ma ya ce in gaishe ka, da bakinsa ya faɗa.

Ƙanwarka mai jira,
Auta